Takin da Inna Yakaka Ta Kwashe da Kwando

Akwai wani malami da aka yi a wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Kunci, tun zamanin da hakimai ke zaune a Birnin Kano suna aiko jakadunsu karkara. Sunansa Malam Kallamu. Daga Barno ya zo da littattafansa da matarsa, mai gari ya yanka masa gona a bayan gari, ya kafa tsangaya a gefenta na gabas, ƙarƙashin wata tsamiya.

To, masu bibiyar wannan shafi, labarin yau ba na Malam ba ne. Na matarsa ne, Inna Yakaka.

Malam ya karantar da yara har ya tsufa. Su ke nome gonar, Yakaka ke dafa abin da suka noma. Da Allah Ya karɓi ransa sai ɗalibai suka watse. 'Yarsu tilo, Bintu, tana gidan miji a Kunci, ta yi ta yi uwar ta koma wurinta, ta ƙi. Ya zama daga Yakaka sai mazarinta na kaɗi.

Abin da ya rage mata a duniya gonar nan ce, musamman gefen gabas, inda tsamiyar take da tudun tokar da ya taru a wurin da ake hura wutar karatu shekara da shekaru. Nan ne Malam ya yi rayuwarsa, nan take zuwa ta zauna ta yi masa addu'a.

Sai dai damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a kafa garma a gonar ba. Yakaka ba ta da ƙarfin noma, kuma ba ta yarda ta ba kowa aro ba. A ƙasar nan kuwa gona manne take da gona, ko wurin ɗaure akuya ba ka samu ba mai shi. Kowa ya san ƙa'ida: gonar da ta daɗe ba a taɓa ta ba ta zama saura, saura kuwa ta koma hannun masu ƙasa, su ba wanda suka ga dama.

Ɗaliban Malam fa Allah Ya yi musu albarka. Basiru ya zama muhuti, wato mai ba da fatawa, a gaban wani alƙali a Birni, ba a yanke hukunci sai an ji ta bakinsa. Sama'ilu ya zama madugun fatake, ayarinsa har Gwanja yake zuwa ɗauko goro. Shi kuwa Ɗantani, ɗan Shago, wanda ubansa Bamaguje ne ya kawo shi karatu saboda amincin da ke tsakaninsa da Malam, ya musulunta, ya yi sauka, ya koma gona. Ya noma dami dubu a damina guda aka naɗa shi Sarkin Noma, gonarsa ce ma ke iyaka da ta Malam.

Mutane in suna lissafa albarkar tsangayar Malam Kallamu, da waɗannan uku suke farawa. Amma kada ku kuskura ku yi wannan lissafi a gaban Inna Yakaka.

In an ce mata Basiru ya zama muhuti, sai ta taɓe baki ta ce ai dole, wanda ya fasa tulun Malam ya tsara magana har aka daki wani, me zai hana shi iya shari'a. In an ambaci Sama'ilu, ta ce tun yana ƙarami yake musayar ƙanzo da tuwo yana cutar 'yan'uwansa. Ɗantani kuwa ba ta taɓa yafe masa irin gyaɗar da ya cinye a rumbu ba, shekarar da Malam ya rasa abin shukawa.

"Na san su tun suna fitsarin kwance," haka take cewa. "Rawani da babbar riga ba su canza mutum. Hali zanen dutse ne."

Tsakani da Allah, duk abin da ta faɗa an yi shi. Abin da ta manta shi ne a lokacin ba wanda ya ko fara gemu a cikinsu.

Wata rana da bazara, Ɗantani ya yi sallama a ƙofar gidanta. Ba ta ce ya shigo ba, ta fito zaure da mazarinta a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata ƙwaryar gero, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba.

Ya ce Basiru ya aiko masa da baki daga Birni. Hakimin ƙasar yana neman fili zai kafa rinji, wato gandun da zai zuba bayinsa su noma masa, kuma jakada zai zo kafin ruwan shuka ya duba duk gonar da ta zama saura. Basiru ya ce maganar ƙasa ba ta zuwa gaban alƙali, ba abin da zai iya yi daga can, amma gonar da aka gani da taki tsibi-tsibi ba a taɓa ta, don an san mai ita na shirin noma. Sama'ilu ya ba da jakunansa da ke hutawa kafin tafiya. Shi kuma yana da taki a garkensa har ya yi masa yawa.

Yakaka ta saurare shi har ya gama, tana murza zarenta. Ita fa ta san al'adar manoma sarai. Wanda ya zuba taki a gonar da ba tasa ba, ba a korarsa sai ya ci takinsa, ya noma ta damina biyu ko uku. Da yawa kuwa daga cin taki suka cinye gona.

"Allah Ya yi albarka," in ji ta. "Gonar Malam ba ta jin yunwa. Ka bar takinka a garkenka."

"Inna, ba tawa nake nema ta zama ba. Taki ne kawai."

"Haka Dogo ma aka ce masa."

Dogo wani tsoho ne da Ɗantani ya karɓi aron gonarsa, har ya mutu ba ta dawo hannunsa ba. Wasu sun ce Dogo ba shi da magaji, kuma Ɗantani ne ya ci da shi ya tufatar da shi har kabari. Wasu suka ce dabara ce. Yakaka tana cikin masu cewa dabara ce.

Ɗantani ya miƙe ransa a ɓace. Shi ma fa yana da nasa halin, ya saba in ya faɗi magana a kan gona ba mai musa masa. Ya ce mata ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ba zai zuba ido a ɗauke gonar malaminsa ba. Ya sa kai ya tafi. Wannan magana kuwa ita ta ƙara wa wutar itace.

Ranar kasuwar Tsanyawa Yakaka ta kai zarenta. Tana cikin ciniki ta hango Ɗantani a wata rumfa zaune da yaron jakada, suna fasa goro suna dariya. Ba ta tsaya tunanin cewa Sarkin Noma dole ya gaisa da mutanen hakimi ba. Ta naɗe sauran zaren ta kama hanyar gida tana magana ita kaɗai.

Lallai biri ya yi kama da mutum. Mai shari'a ya tsara, mai jakuna ya ɗauko, mai garma zai cinye. Watakila ma ba wani rinji, ba wani hakimi, sun ƙirƙira ne don su tsorata tsohuwa. In ba haka ba, ina suke duk shekarun nan? Me ya sa sai yanzu suka tuna da gonar Malam? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ni kaina mai ba ku labarin nan, da ina wurin, ban ce ba zan yi irin tunaninta ba.

Ba a jima ba, wata safiya ta ji kukan jakuna a bayan gida. Ta leƙa ta kan danga, sai ga su jere da mangaloli, barorin Ɗantani na juye taki. Kafin rana ta take sun cika gonar tsibi-tsibi tun daga yamma har gindin tsamiya. Har kusa da tudun tokar Malam sai da suka ajiye tsibi guda.

Wannan tsibin shi ya fi ƙona mata rai. Ta tsaya tana kallonsa hawaye na zuba, ta ce a ranta yau ɗan Shago ya kafa tuta a inda Malam ke zama.

Ta shiga gida ta ɗauko kwando da sakaina, ta ɗaure ƙugu da tsohon zane. Ta fara daga gindin tsamiya, don nan ne ba za ta iya jure ganin takin wani ba. Ta cika kwando, ta ɗora a ka, ta taka har iyaka, ta juye a gonar Ɗantani, ta dawo.

Jama'a, zafin bazara ne fa, kuma tsohuwa ce da ko tulun ruwa sai ta huta a hanya. Amma zargi yana da ƙarfin da tuwo ba ya bayarwa. Kullum tana fita da sassafe, sai rana ta yi zafi ta koma, da la'asar ta sake fitowa. Wuyanta ya sage, tafin hannunta ya tsattsage, kaɗi ma ta daina. Masu wucewa suka yi ta ba ta haƙuri, tana ganin duk 'yan kanzagin Sarkin Noma ne.

Da labari ya kai wa Ɗantani ya zo da kansa, ya same ta da kwando a ka. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da darajar Malam, ya ce a kira liman da dattawan gari ya rantse a gabansu cewa ba shi da haƙƙin ko kunya ɗaya a gonar. Ta ce wanda ya ci irin shuka ya goge baki, rantsuwa ba za ta yi masa wuya ba. Ya ce to duk tsibin da ta kwashe zai mayar da biyu.

Jin haka sai ta ajiye kwandon ta nufi ƙofar mai gari. A gaban dattawa ta ce ba ta ba kowa aron gonar mijinta ba, ba ta sa kowa ya zuba mata taki ba, kuma ba ta yarda wani ya sake taka gonar ba. Mai gari ya yi mata nasiha, ya ce maganar rinji shi ma ya ji ƙishin-ƙishin ɗinta. Ta dube shi, ta ce a ranta ashe har shi an ba shi goro.

Ba yadda mai gari zai yi, gona tata ce. Ya hana Ɗantani da barorinsa shiga. Yakaka ta koma ta ci gaba da aikinta hankali kwance, har ta share gefen gabas tas, babu ko ɗigon kashin akuya. Ta fara taɓa na yamma ke nan sai ciwon baya ya kwantar da ita.

Tana kwance hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas. Washegari da hantsi aka aiko ta fito, jakada ya iso.

Ta dogara sanda ta fita. Ga jakada a kan doki, ga mai gari, ga dattawa, ga Ɗantani tsaye a kan iyakarsa bai tsallako ba. Ganin dokin nan da mutanen da ke biye da shi riƙe da damin gamba na dasa iyaka, sai ta tsaya cak. Ashe maganar rinji gaskiya ce.

Amma ko a nan zargin bai sake ta ba. Ta ce a ranta to, sun haɗa baki ne, hakimi ya ɗauki rabi, ɗan Shago ya ɗauki rabi.

Jakada ya zagaya gonar a hankali. Ya dubi gefen gabas, fili fetal, sai busasshiyar ciyawa da tsofaffin kunyoyi da suka baje. Ya ce wannan saura ce, ba ta bukatar tambaya. Ya juyo gefen yamma inda taki ke jere, ya tambayi mai gari na wane ne. Mai gari ya faɗi gaskiya, ya ce daga garken Sarkin Noma ya fito, kuma mai gonar ta ce ba da izninta ba.

Jakada ya yi murmushi ya dubi Ɗantani. Ya ce ai magana ta zo da sauƙi. Tsohuwa ba ta noma, ta kuma faɗa da bakinta ba ta sa a noma mata ba. Mai taki shi ke da gona. In Sarkin Noma ya ce nasa ne, a dasa masa gamba yanzu, hakimi ma zai fi son gonar a hannun wanda zai cika ta da dawa.

Yakaka ta ƙanƙame sandarta, ta ƙura wa Ɗantani ido. Ga ranar da ta daɗe tana faɗa ta zo. Har wani ɗaci-ɗacin daɗi take ji a ranta, don yau kowa zai san ba hauka take yi ba.

Ɗantani ya tuɓe takalmansa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ba ni da taki a gonar nan. Ɗaliban Malam Kallamu ne suka kawo wa malaminsu, ni ɗan aike ne. Abin da ɗalibi ya kai gonar malaminsa ba ya bin sa. Gonar Inna ce, kuma in ta yarda, bana za a ga dawa a cikinta."

Jakada ya ce ya yi tunani dai, irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Ɗantani ya ce ya gama tunani tun yana yaro a gindin tsamiyar can. Sai jakada ya juya ga Yakaka ya tambaye ta ko ta yarda a noma mata.

Da ƙyar ta ce ta yarda. Sannan ta jefar da sandar ta durƙusa a gaban doki, ta ce a yi mata rai, gefen gabas ma da taki a cikinsa, ita ce ta kwashe da hannunta, ga shi can jibge a kan iyaka kowa na gani. Ɗantani ya sa baki, ya ce a ba shi zuwa faɗuwar rana ya mayar da shi. Mai gari da dattawa suka taya roƙo.

Jakada ya girgiza kai. Ya ce shi abin da idonsa ya gani zai kai wa ubangidansa, kuma ba zai koma Birni hannu rabbana ba. Ya ce an bar mata rabi albarkacin Malam, ya kamata ta gode wa Allah. Ya ɗaga hannu, mutanensa suka fara dasa gamba, suka raba gonar biyu daidai inda kwandonta ya tsaya.

Tsamiya ta faɗa ɓangaren rinji. Kafin mako ya zagayo bayin hakimi suka sa fartanya suka baje tudun tokar, suka watsa a sabuwar gonarsu, don toka ma taki ce. Yakaka tana tsaye a bayan danga tana kallo. Ba ta zagi kowa ba, don ta rasa wanda za ta zaga.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, lokacin noman farko Ɗantani ya kira gayya. Basiru ya zo daga Birni, ya tuɓe babbar riga ya karɓi fartanya, kafin a kai ƙarshen kunya hannunsa ya yi bororo ana ta yi masa dariya. Sama'ilu ya zo da goro ya raba wa 'yan gayya. Ba wanda ya tayar da maganar kwando a cikinsu.

Yakaka ta tuƙa tuwo kamar yadda ta saba yi musu a da, ta kawo da kanta. Babu inuwa a gefen yamma, sai suka zauna a rana a bakin sabuwar gamba, inuwar tsamiya na can ƙetare inda ba su da ikon zama.

Ta ajiye akushi ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, duban da ta yi shekaru ba ta yi musu ba. Gemun Basiru ya yi fari. Sama'ilu ya rasa haƙoran gaba, rana da tafiya sun ƙone masa fuska. Ɗantani kuwa in zai zauna sai ya dafa gwiwa.

"Yaushe kuka yi furfura haka?" in ji ta.

Ɗantani ya sunkuyar da kai. "Mun daɗe, Inna. Ke ce ba ki duba ba."

Ta zauna a ƙasa kusa da su, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Suka ci tuwon, ana jin ƙarar fartanyar bayin hakimi a gindin tsamiya.

Darasi: Kada ka ɗaure mutum da laifin da ya yi yana yaro, don mutane suna girma ko da idonka bai gani ba. Taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma zargin da ba ya sauraron hujja ba ya tsare maka komai, da hannunka zai sa ka kwashe alherin da aka kawo maka, kuma abin da ka fi so shi zai fara ci. In akwai wanda har yau kake auna shi da halinsa na shekarun baya, ka sake dubansa da kyau. Ku tura wa 'yan'uwa da tsofaffin abokan karatunku wannan labari, wataƙila wani na riƙe da kwandonsa yanzu haka, ya karanta ya ajiye.